Digirin kimiyya ko koyon sana'a: lissafin da ya kamata ɗan Kebbi ya yi kafin ya cike fom

Duk shekara da zarar an fara sakin admishan, gidaje da yawa a Birnin Kebbi da Jega da Argungu har Yauri sai an yi wagga gardama. Yaro ya cike likitanci, makinsa na JAMB bai kai ba, jami'a ta ce to ga bayoloji ko fiziks in kana so. Baba ya ce a karɓa, ai karatu karatu ne. Kawu mai shagon walda ya ce "Yaya, ka ba ni shi shekara uku kawai ka ga aiki." Shi kuma yaron ba a ma tambaye shi ba, yana can yana tunanin abokansa da sunka riga sunka ɗinka farar rigar lab. A intanet ma haka abin yake, musamman tun 2022 da tsohon minista Isa Ali Pantami ya fitar da littafi a kan fifita ƙwarewa bisa kwali, aka rabu gida biyu, wasu na cewa boko ya mutu wasu na cewa masu zuga yara su bar makaranta ai su nasu ɗiyan suna jami'a. Kuma maganar gaskiya wannan zargi na biyu akwai ƙamshin gaskiya cikinsa.

Ni dai inda nake ganin ana tafka kuskure shi ne yadda ake haɗa duk digirin kimiyya a sa a buhu guda. Wanda ya samu likitanci ko jinya ko harhaɗa magunguna ko ilimin gwaje-gwajen asibiti ko likitan dabbobi, wanga ba tsaransa guda da wanda anka ba kemistiri ba, ko da kuwa aji ɗaya sunka zauna a shekarar farko. Dalili kuwa lasisi. Likita shekara 6 zai yi, majalisar likitoci ta MDCN ta yi mai rajista. Mai gwaje-gwajen asibiti shekara 5, majalisarsu ta MLSCN ta ba shi lasisi. Ma'aikaciyar jinya da ungozoma suna da tasu majalisa, masu magunguna suna da PCN, injiniyoyi suna da COREN. Doka ce ta ce wanda ba shi da wagga takarda ba shi taɓa wanga aiki, wato doka da kanta ke tsare masu kasuwa. Ga shi jihar da ke da ƙananan hukumomi 21, kowace da asibitoci da ɗakunan shan magani da ke neman ma'aikata, ga masu tsallakewa Saudiyya da Ingila suna barin gurbi. Wanda ya samu irin wanga kwas kuma kansa na ja, in wani ya ce mai ya aje ya tafi koyon gyaran waya to ba masoyinsa ba ne.

Matsalar tana ga sauran, masu shekara huɗu, kuma wadda ta fi ba ni tausayi ita ce ta ɗaliban maikurobayoloji da bayokemistiri. Yaro ko yarinya sun shiga da tunanin ai kusa da likitanci ne, in an gama asibiti za a nufa. An sha haddar sunayen ƙwayoyin cuta, an zana hanyoyin da jiki ke sarrafa sukari har hannu ya gaji, an yi furojet, an gama, an yi walima. Sai an kai takarda ɗakin gwajin asibiti a ce ina lasisinka na MLSCN? Babu, don wanga kwas ba shi ba da shi. Da yawa sai sun kai aji uku suke jin wagga magana, wasu ma sai bayan bautar ƙasa, sannan ka ga mutum ya koma neman shiga kwas ɗin gwaje-gwaje daga aji biyu, shekarun baya sun tafi. Ba wai ilimin banza ne ba, a'a, ƙasashen da ke da kamfunnan haɗa magani da cibiyoyin bincike suna rububin irin waɗanga mutane. Amma mu tambayi kanmu tsakani da Allah, daga Kamba zuwa Zuru kamfani nawa ke neman mai bayokemistiri?

To mi ya rage ma mai fiziks ko lissafi ko bayoloji? Koyarwa ce babbar ƙofa, kuma ita ma yanzu sai ka ƙara difilomar koyarwa ta PGDE ka yi rajista da hukumar rajistar malamai ta TRCN. Sai hanyar lakcara, wadda ke son sakamako mai kyau sosai da digiri na biyu da na uku, shekaru ke nan da kuɗi. Sai hukumomin kula da ingancin kaya irin NAFDAC da SON waɗanda ba kullum suke ɗauka ba, in sun ɗauka kuma ƙasa duka ke layi. Sai aikin kaki da banki da ofis, inda ba ruwansu da abin da ka karanta, kwalin kawai suke so a matsayin tikitin shiga ƙofa. Wannan ma ba ƙaramin abu ba ne fa, don akwai ƙofofin da har abada ba su buɗuwa ga wanda ba shi da kwali, komi iyawarsa. Sai dai kowa ya san yadda neman aikin gwamnati ya koma, in ba ka da uwa a gindin murhu sai ka shekara nawa kana yawo da fayil, ga ƙa'idar shekaru da ake sawa a talla tana bin ka a baya.

Dubi masana'antar da muke alfahari da ita, shinkafa. Tun da Buhari ya zo Birnin Kebbi a Nuwamba 2015 ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers, sunan Kebbi ya tafi da shinkafa, ga kamfanin Labana a Birnin Kebbi ga WACOT da anka buɗe a Argungu a 2017, ban da ƙananan injinan casa da ke ko'ina. Duk wani babban injin shinkafa yana buƙatar ɗakin auna inganci, masu duba damshin shanshera kada ya wuce wajen kashi 14 cikin ɗari kafin a adana ko a casa, masu duba tsakuwa da karyayyar ƙwaya da ruwan da ake turara ta da shi. Aikin masu kimiyya ke nan, amma mutum nawa ne? 'Yan kaɗan sun isa. Wanda injin ke ci kullum su ne masu lantarki, masu kula da tukunyar tururi, masu walda, makanikan manyan motoci, masu naɗin kwayil in motar lantarki ta inji ta ƙone, masu gyaran bel da bearin. In injin ya tsaya awa guda asara ce ta gaske, don haka wanda ya iya tada shi ba a wasa da shi. Haka abin yake in ka gangara fadama lokacin rani, dubban injinan ban ruwa ne ke aiki kuma kowane sai ya lalace.

Sai lissafin lokaci, wanda iyaye ba su cika yi ba. Yaro ya gama sakandare yana 18, a ce ya yi JAMB sau biyu, ya shiga yana 20. Shekara huɗu a takarda, amma wanda ya shiga jami'ar tarayya wajen 2019 ya ga yajin aikin ASUU na 2020 da ya haɗu da korona ya ci kusan wata tara, ya kuma ga na 2022 daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Ƙara jiran kiran bautar ƙasa, ƙara shekarar bautar kanta, mutum ya kai 26 ko 27 kafin ya fara neman aikin farko. A bautar ƙasa yana karɓar 77,000 a wata, ranar da ya aje kaki ta yanke. In Allah ya sa ya samu aikin jiha, mafi ƙarancin albashi a Kebbi 75,000 ne tun 2024, mai digiri zai ɗara haka amma ba da nisan da zai sa ya manta farashin buhun masara ba. In kuma da bashin karatu na gwamnatin tarayya, wato NELFUND, ya yi karatun, shekara biyu bayan bautar ƙasa ake sa ran ya fara biya. Sa'ansa da ya shiga gareji yana 18, in ya dace da maigida na kirki, yana 22 ya fara kama kuɗin kansa, yana 26 wataƙila har ya yi aure yana da yara biyu masu koyon aiki a shago. Wanga lissafi shi ke sa masu cewa sana'a ta fi suke jin sun gama magana.

Amma ba su gama ba, don akwai abin da ba su faɗi. Na farko jari. Ka iya walda ƙwarai, to ina injin, ina janareta, ina kuɗin hayar shago a bakin titi? Wutar lantarki kowa ya san halinta, kuma tun 29 ga Mayu 2023 da anka cire tallafin mai, duk sana'ar da ke dogara da janareta ta shiga wani hali, rabin abin da ka samu na mai ne. Akwai ƙwararrun yara da yawa da sunka shekara goma suna yi ma wani aiki ana ba su na sabulu, ba don ba su iya ba, don ba wanda zai sallame su da kayan aiki. 'Yan kabilar Ibo sun fi mu tsari a nan, yaro zai yi ma ubangidansa hidima shekarun da anka yi alkawari, ranar sallama a ba shi jari ya buɗe nashi. Mu kuwa sau da yawa ba a ma yanka wa'adi, uba ya kawo yaro ya ce "ga shi nan amana", shi ke nan, shekarar farko ta ƙare a sayo ma oga koko da ƙosai da wankin kayan inji da fetur, wani ogan ma in ya zo wurin da sirrin aikin yake sai ya aiki yaron sayen ruwa.

Sannan jiki. Mai walda da ke aiki da baƙin gilashin kasuwa maimakon garkuwar fuska, ka tambaye shi yadda idonsa ke kwana. Mai fenti yana shaƙa, birkila bayansa na gaya mai gaskiya tun yana 45. Ba fansho, ba hutun rashin lafiya, ranar da ka kwanta ranar tukunya ta kwanta. Ga bashi, don a garuruwanmu kuɗi na bin kaka ne, ka yi aiki a ce sai an sayar da shinkafa ko albasa, kuma mai bashin surukin ƙanen babanka ne ba ka iya kai shi ko'ina. Ma'aikacin da ake rena albashinsa shi aƙalla ya san ranar da zai shigo, ko ya makara.

Kuma ba kowace sana'a ke da kasuwa ba, wannan ma buhu guda ake sa su. Ɗinki ya cika, gyaran waya ya cika, aski ya cika, a layi guda sai ka ƙirga teloli sun fi masu kawo ɗinki in ba azumi ya kama ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne irin horon nan na sati biyu da 'yan siyasa ke shiryawa, a tara matasa a koya masu haɗa sabulun ruwa da man shafawa, a raba keken ɗinki a ɗauki hoto, kafin sati ya zagayo kekunan suna kasuwa. Wannan ba shi ne koyon sana'a da ake auna shi da digiri ba. Alhali ga wuraren da ke da ƙishirwa: duk mai gini na gaske a Birnin Kebbi ya san in yana son tayil ya miƙe ko silin POP ya fita tsaf, sau da yawa mutanen Kwatano da Togo ake nema, suna tsallako iyaka suna kwashe kuɗin. Ba wani asiri gare su ba illa awo daidai, gama aiki da tsabta, da zuwa ranar da sunka ce. Haka gyaran firij da AC, haka famfo na zamani, haka haƙar rijiyar burtsatse, haka gyaran tarakta.

Abin da ya fi jan hankalina a 'yan shekarun nan shi ne sola, don a nan ne gardamar ke rushewa. Tsadar mai ta tura manoman rani da masu shaguna da gidaje zuwa fanel da batir, kowa ya zama mai haɗa sola. To ga misali. Mutum ya sayi batir guda mai 12V da 200Ah, an ce mai zai kwana da wuta. Lissafin mai sauƙi ne, 12 sau 200 ya ba ka 2,400, wato wutar da za ta ja wat 2,400 na awa guda, amma batir mai ruwa in kana son ya yi rai ba a zuƙe shi ƙasa da rabi, wato abin da kake da shi wajen 1,200 ne. In fanka biyu da talabijin da ƙwayayen lantarki da cajin waya sun haɗu sun kai wat 300, awa huɗu ke nan, ban da abin da inbata, na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida, ke ci da kanta. Wanda ya koya da ido kawai ba shi yin wanga lissafi, zai haɗa yadda ya ga oga na haɗawa, ya sa siririyar waya inda ake son mai kauri ta riƙa zafi, ya ɗora firiza a kai, wata shida batir ya mutu a ce kayan jabu ne. Shi kuma mai digirin fiziks ya san dokar Ohm ta lissafin lantarki tun aji ɗaya, zai iya cika allo da ita, amma bai taɓa hawa kwano da fanel a ka ba, bai san wace inbata ke jure zafin watan Afrilu ba, bai san inda ake sayen kaya da sauƙi ba. Ka haɗa waɗanga biyu a jikin mutum guda, to shi ne wanda asibitoci da makarantu da ƙungiyoyin agaji ke nema da kwangila, don shi ke iya rubuta kotashan ya kare shi. Gareji ma haka ya koma, motocin yanzu da kwamfuta a cikinsu, sai an jona na'ura ta fito da lambar matsala da Turanci, makaniken da ke gano ciwo da kunne kaɗai kasuwarsa na raguwa yana kallo.

Shi ya sa nake ganin tsakanin jami'a da gindin bishiyar gareji akwai hanyar da munka rena ba dalili. Kwalejin fasaha, irin ta gwamnatin tarayya da ke Zuru, yaro na shiga bayan aji uku na ƙaramar sakandare ya yi shekara uku ya rubuta jarabawar fasaha ta NABTEB, kuma wagga takarda ana neman gurbin gaba da ita kamar WAEC da NECO, ke nan ƙofar jami'a ba ta rufe ba. Ga foliteknik ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi ga ta jiha a Dakingari, ND shekara biyu, ka fita aikin koyo shekara guda, in ka so ka dawo HND in ka so ka shiga jami'a daga aji biyu. Wanda ya riga ya koya a shago ma yana iya yin jarabawar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago, mataki na uku da na biyu da na ɗaya, ga kuma tsarin NSQ da hukumar ilimin fasaha ta NBTE ke turawa don a auna abin da hannu ya iya a ba shi shaida. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da karatu kyauta da ɗan alawus a kwalejojinta na fasaha. Sai dai ni ba ni saurin tafi, don tsarin 6-3-3-4 ma da irin wanga buri ya zo a shekarun 1980, anka shigo da injinan koyon sana'a makarantu, da yawa sunka tsufa cikin akwatunansu ba wuta ba malami. Kuma gwamnatin da ke cewa a koyi fasaha ita ce har yau ba ta gama kashe bambancin HND da digiri a wurin aiki ba, majalisa ta zartar da ƙudiri a 2021 bai samu sa hannu ba. Don haka uba kada ya tsaya ga allon bakin ƙofa, ya shiga wokshof ɗin da ƙafarsa ya ga ko injin na tashi, ya tambayi 'yan aji uku mi sunka taɓa haɗawa da hannunsu.

Masu kawo misalin Jamus kuma su riƙa faɗin sauran labarin. Can ɗan koyo kamfani ke ɗaukarsa da yarjejeniya a rubuce, yana biyansa duk wata, wasu ranaku yana makaranta wasu yana bakin aiki, bayan kamar shekara uku ya yi jarabawar da ƙasa duka ta yarda da ita. Kamfunnan ne ƙashin bayan abin, mu kuwa su ne ba mu da.

Ga 'ya mace lissafin ya ɗan bambanta, kuma a nan na fi karkata ga karatu. Sana'o'in da al'ada ta bar mata su ne waɗanda sunka fi cika, ɗinki da lalle da girke-girke, ribarsu kaɗan gasarsu da yawa. Amma jinya da ungozoma da gwaje-gwaje da koyar da kimiyya a makarantun 'yan mata, wanga gurbi ne da ke kuka, mata da yawa a ƙauyukanmu ba su zuwa awo don ba mace a asibitin. Ko bayolojin da nake kushewa, a hannun yarinyar da za ta koyar da shi a Bunza ko Gwandu ya fi wata sana'ar amfani, gare ta da garin duka, kuma aiki ne da aure bai cika hana shi ba.

Wanda anka ba kwas ɗin da bai nema ba, ni ba ni ce mai ya ƙi, kuma ba ni ce mai ya karɓa ido rufe. Ya tambayi kansa ko zai iya tsayawa gaban allo ya koyar da wanga abu da daɗin rai, ko kansa na ja har ya yi zurfi a bincike. In amsar a'a ce kuma gidansu sai an sayar da tumaki ake biyan rajista, to ND a fannin lantarki ko injiniyan noma ko kwalejin kiwon lafiya ta Jega sun fi mai kemistirin dole, ko da abokai za su ce ya yi ƙasa. In kuwa ya riga ya shiga, yana aji biyu a jami'ar da ke Aliero ko ta Kalgo yana karanta wanga rubutu, kada ya fita. Jadawalin jami'a cike yake da ramuka, hutun zango, dogon hutu, yajin aiki in ya zo, ga wata shida na SIWES, wato fita koyon aiki da ɗalibai ke yi, da mafi yawa ke ɓatarwa a wani ofis suna sa hannu a littafi suna komawa gida. Wata shidan nan in an kai su injin casa ko wurin masu sola ko masu gyaran na'urorin asibiti, aka jure ana kiranka yaron shago alhali kana ɗan jami'a, sun isa a fara kiran mutum ƙananan ayyuka. Sai dai a nemi wurin tun zangon farko na aji uku, don wuraren kirki da wuri suke cika, kuma a tabbata malamin da ke kula da SIWES a sashen ya amince da wurin kafin a fara.